Yoyon Haske a Allon Shikuku

Shikuku Makokha mutum ne da Allah ya jarraba da ido. Ba ciwon ido ba, gani. Shekara ashirin da ɗaya yana ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji a wani asibitin mishan da ke Nakuru, kuma tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu idonsa ya saba da farautar ɗan farin da bai kamata a gani cikin baƙi ba. Likitoci masu jini a jika, in hoto ya rikita su, sukan leƙo ta ƙofa su ce, "Dattijo, ɗan duba mana wannan." Sai ya karkata kai, ya ƙanƙance ido ɗaya, ya ɗora farce a kan wani wurin da kowa ya wuce. Akwai mutane da dama da ke yawo a garin nan da ransu saboda wannan farcen. Abin takaicin shi ne in an tashi daga aiki, idon ba ya tashi.

Gado ya yi. A Webuye aka haife shi, ubansa yana aiki a masana'antar takarda, aikinsa kuwa tsayuwa daga safe zuwa yamma yana zare duk takardar da ke da tabo. Haka ɗan ya taso, komai ya kalla sai ya fara da aibinsa. Matarsa ta yi shekara goma sha ɗaya tana haɗiyewa. Labule ya karkace, fenti ya fi kauri a gefen ƙofa, ugali, tuwon masararsu, yana da gudaji ɗaya. Bai taɓa zaginta ba, balle duka. Nunawa kawai yake yi, a natse, kamar mai yi mata alheri. Wata Talata ta tattara kayanta ta koma Bungoma da 'yarsu Nanjala, ta bar masa gidan tsaf, ko ƙura babu.

Nanjala sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiranta sai da Uwata. Da ta shiga sakandaren kwana a Nyahururu aka yi rabo: dogon hutu na uwa ne, ɗan gajeren hutun tsakiyar zango kuma, kwana huɗu, nasa ne, don Nakuru ta fi kusa. Da farko kwanakin nan huɗu azaba ce gare su duka. Su ci abinci shiru, ya tambaye ta sakamakon lissafi, ta ba shi amsa da kalma ɗaya. Sai wata rana ta zo da tsohuwar na'urar gem ta ɗan ƙanen uwarta, ta jona a talabijin ɗinsa, ta miƙa masa rimot ɗaya ta ce, "Baba, zaɓi mota." Mutumin da ko karta bai taɓa bugawa ba, sai ga shi yana karkata jiki duk lokacin da motarsa za ta sha kwana. Kuma a nan ya gano wani abu: yarinyar nan ba ta magana in ana kallonta. Amma in suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ido yana kan tsere, sai bakinta ya buɗe. A haka ya ji labarin malamar da ta tsane ta, da ƙawar da ta ci amanarta, da cewa ba ta son likitanci ko kaɗan.

To, bana ita ce shekararta ta ƙarshe. Hutun watan Yuni shi ne na ƙarshe da zai samu, don zango na uku babu hutun tsakiya, jarrabawa ce kawai. Bayan jarrabawar kuma akwai wata tara kafin a shiga jami'a, uwar ta ce yarinya ta girma, ta zaɓi inda za ta zauna da kanta. Wata taran nan Shikuku yake so, so irin wanda ke hana mutum zama wuri ɗaya. Ba zai iya roƙo da baki ba, bai iya ba. Sai ya ba maƙwabcinsa tsohon talabijin ɗin, ya hau mota ranar Asabar zuwa Nairobi, ya sayo allon gem na musamman a wani shago da ke titin Luthuli, babba, mai lanƙwasa, irin wanda mota ke wucewa a kansa sumul ba tare da inuwa ba. Mai shagon ta ce in akwai matsala a dawo da shi cikin kwana bakwai. Bai ma saurara sosai ba. Ya ajiye kwalin a falo bai buɗe ba, ya ce sai Uwata ta zo su buɗe tare. Kwana biyar kwalin yana nan, shi kuma yana zagaya shi yana shafawa.

Ranar Alhamis da azahar ta iso, da rigar sanyin makaranta da akwatin ƙarfe. Ta ga kwalin ta tsaya.

"Baba, wa ka yi wa fashi?"

"Wuce ki kawo almakashi, ke dai."

Suka buɗe, ta riƙe gefe ɗaya ya riƙe ɗaya, suka ɗora a tebur. Ita ta jona wayoyin, don in an bar shi sai ya karanta takardar bayani daga farko har ƙarshe. Da allon ya kama, launuka suka cika falon, ta yi wata dariya da rabon ya ji irinta tun tana 'yar firamare. Suka yi tsere uku ta cinye shi duka, tana ce masa tuƙinsa irin na mai kai gawa ne. Hadari ya haɗo da la'asar, falon ya yi duhu, ba wanda ya tashi ya kunna fitila. Suna jiran tsere na huɗu ya buɗe, allon ya yi baƙi na ɗan lokaci, sai ta ce, idonta yana gaba, "Baba, maganar bayan jarrabawa. Na ga akwai wata makarantar koyon zane a nan bayan kasuwa, ina tunanin ko..."

"Tsaya," in ji shi. "Kin ga wancan?"

A kusurwar ƙasa ta hagu, inda ya kamata a ga baƙi wuluk, wani ɗan haske ne ruwan ɗorawa yake leƙowa daga ƙarƙashin firam, faɗinsa bai wuce tafin hannun jariri ba. Tseren ya buɗe, hasken ya ɓace cikin launuka.

"Me?"

"Koma baya. Mayar da shi baƙin nan."

"Baba, an fara, ga motarka can tana cin bango."

Ya ci gaba da wasan, amma a banza. Idonsa ya riga ya tare a kusurwar nan. Duk ramin dutsen da mota ta shiga, duk inuwar gada, sai ya gan shi, ɗan ɗorawa-ɗorawa, yana zaune abinsa. Ita kuma ba ta sake ɗauko maganar makarantar zane ba. Ya lura ba ta ƙarasa ba, ya ce a ransa gobe zai tambaye ta, in an gyara wannan abin.

Ranar Juma'a rabin yini yake aiki. Tun kafin ya sha shayi ya ɗauki hoton kusurwar da waya ya tura zauren hirar waya na masu gem na Nakuru, inda yake shi ne mafi tsufa, suna ce masa Kaka. A hoton abin ya fito kamar gobara ta kama gefen allon, don kyamarar waya haka take, ɗan haske kaɗan sai ta hura shi. Shi da ya yi shekara ashirin yana aiki da hoto ya fi kowa sanin haka, amma ya tura. Kafin ya isa asibiti saƙo ya fi arba'in. Wani Kiprop, wanda ke gyaran waya kusa da tasha kuma bai taɓa cewa bai san abu ba, ya aiko da murya.

"Kaka, sannu, yoyon haske ne. Fitilun da ke bayan gilashin ne suke leƙowa, firam ya matse wurin. Caca ce, kowa da sa'arsa, kamfani ɗaya rana ɗaya wani ya fito lafiya wani ya fito da wannan. Nemi tsumma mai laushi ka riƙa murza wurin a hankali. In bai yi ba, sassauta kusoshin baya."

Wani ya ce kada ya kuskura ya taɓa kusa, in takardar hatimi ta yage ba mai karɓa. Wani ya ce a bar shi sati biyu yana ɗumi zai zauna da kansa. Wani ya ce nasa ya fi haka muni kuma yana raye. Shikuku ya karanta duka, sau bibbiyu, a tsakanin mai karyayyen gwiwa da mai tari. Sai can wani ya tambaya, "Yaushe ka saya?" Ya ƙirga da yatsu a gaban na'ura. Gobe Asabar ce rana ta bakwai.

Ya dawo gida da rana tsaka ya tarar Nanjala ta dafa shinkafa da wake, ta jera rimot biyu a kan kujera. Ko zama bai yi ba. Ya kwaso barguna daga gado, ya hau kujera ya rataye su a tagogi, ya toshe ƙasan ƙofa da tawul. Rana na dukan rufin kwano a waje, falon Shikuku kuwa ya koma kabari. Ya sa baƙin hoto ya cika allon, ya ja baya taku uku, ya karkata kai.

"Yanzu kin gani?"

"Na gani, Baba."

"Tun jiya na faɗa miki."

"Baba, wa ke buga gem ɗin baƙin allo? Kawo." Ta danna wani maɓalli a bayan allon ta rage ƙarfin hasken, ta kunna fitilar falo. Yoyon ya dushe, sai wanda ya san inda yake zai iya cewa ga shi. "Shi ke nan. Zo mu ci abinci, in ba ka tazarar daƙiƙa goma."

"A wurin aikina, in muka gyara haske don kada mu ga tabo, gawa muke aikawa gida."

"Wannan ba ƙirjin kowa ba ne."

Ya kashe fitilar. Ya ɗauko tsumman goge tabarau ya durƙusa, ya shiga murza kusurwar a hankali, zagaye-zagaye, yana ja da baya yana dubawa. Wani lokaci ya ga kamar ya ragu, ya kira ta. Kafin ta zo sai ya ga kamar ya koma gefe. Ya ɗauko sukudireba, ya juya allon, ya tsaya yana kallon 'yar takardar hatimi a kan kusa, ya ajiye, ya sake ɗauka, ya sake ajiyewa. Ya zauna, ya tashi. Ya leƙa zauren, ya tura sabon hoto. Shinkafa ta huce a tukunya. Nanjala ta zuba nata ta fita ta zauna a kan matakala, inda akwai rana, tana ci tana kallon matan gidan suna shanya.

Da yamma ya fito ya same ta, idonsa ja.

"Uwata, gobe zan mayar. In na kama motar farko, kafin la'asar na dawo da sabo."

"Goben da ka ɗauki hutu saboda ni?"

"Saboda ke nake yi. Ba zan ba ki abu mai aibi ba."

"Ni na ce ina so a haka."

"Ke yarinya ce, ba ki san yadda abin yake ba. Yanzu ƙarami ne."

Ta dube shi, abin da ba ta cika yi ba, ta ce, "Ƙari ne da zai girma?" Shi ma ya san ba ya girma. Ya ce ta shirya su tafi tare, su ci kaza a Nairobi. Ta ce sa'a huɗu zuwa sa'a huɗu dawowa da kwali a cinya, ta yafe.

Haka ya tafi shi kaɗai. Ya biya kujera biyu a matatu, ƙaramar bas ɗin haya, ɗaya tasa ɗaya ta kwali, ya rungume shi duk hanya, kowane rami sai ya ce wa direba a hankali. A Naivasha aka tsaya, bai sauka ba. A gangaren Limuru hazo ya rufe hanya, motoci suka yi layi. Sai wajen sha ɗaya da rabi ya kutsa cikin cunkoson Luthuli, kwali a ka, masu kiran ciniki suna jan rigarsa.

Mai shagon sunanta Gathoni, mace mai jiki da tabarau a goshi, wadda ta ga irinsa sun fi a ƙirga. Ta sa aka jona allon a kan kanta. Shagon kuwa fitilu ne farare sama da ƙasa, ga alluna ashirin suna walƙiya a bango. Aka sa baƙin hoto. Tas, ba komai.

"Ina matsalar, Baba?"

"Nan. Kusurwar nan."

Ta sauko da tabarau ta duba. "Ni dai yatsanka nake gani."

"Kashe fitilun."

"In kashe fitilun shagona ranar Asabar da rana? Kana so a kwashe ni har da kanta?"

Shikuku ya tuɓe jakit ɗinsa. Ya lulluɓa a kan allon, ya cusa kansa ciki, ya bar ɗuwawu a waje kamar masu hoton da can. Masu sayayya suka daina ciniki suka juyo. Daga cikin jakit muryarsa ta fito, "Hajiyar kasuwa, shigo ki gani." Wani ya ce a ɗauki bidiyo. Gathoni ta yi tsaki, amma ta ga mutumin ba zai fita ba, ta sunkuya ta shiga. Ga su nan su biyu a ƙarƙashin riga ɗaya, jama'a na dariya.

Ta fito tana gyara gashi. "Na gani. Baba, wannan ai ba komai ba ne. Kowane allo irin wannan yana da nasa, kamfani ma ba ya kiransa lalacewa. Na rantse maka naka yana cikin masu kyau. Mene ne aikinka?"

Ya faɗa mata.

"Shi ya sa," in ji ta. "Allah ya ba matarka haƙuri."

Maganar ta soke shi, amma bai nuna ba. Ya zaro rasit, ya nuna mata inda aka rubuta kwana bakwai, ya nuna hatimin da bai taɓa ba. Suka yi ta ja har ta gaji. Ta ce to, za ta canja, amma irinsa ya ƙare a shago, sauran suna sito, sito kuma an rufe tun sha biyu sai Litinin.

"Zaɓi biyu ne," in ji ta. "Ka bar wannan yau, Litinin in ɗauko wani in aiko maka a mota. Ko ka ɗauki abinka ka koma, amma daga yau babu canji, kada ka dawo mini da jakit."

Nan fa ya tsaya. Ya san sarai Nanjala Litinin da safe za ta koma. Ya san babu talabijin a gida. In ya bar allon, ba sauran zama kafaɗa da kafaɗa, maganar da ta fara kuma ba ta da inda za ta fito. Duk wannan ya zo masa a fili, ba wai ya manta ba ne. Har ya kai hannu zai ɗauki kwalin. Sai ya tuna wata tara, yarinyar tana zaune gaban allon kullum, kusurwar nan tana leƙensu. Ya fita bakin shago, ya dawo. Ya sake fita, ya sayi ruwa bai sha ba, ya dawo. Gathoni ta sallami mutum uku yana nan yana safa da marwa.

"Baba, kana tare mini hanya."

"In kin ɗauko, za ki gwada shi a duhu kafin ki aiko?"

"Zan shiga jakit saboda kai."

Ya bar shi. Tun kafin motar ta fita daga Nairobi ya fara da-na-sani. A Limuru ya yi niyyar sauka ya koma, ya duba agogo ya ga kafin ya isa ta rufe. Ya sayi gasasshiyar masara a Naivasha don Nanjala, ta huce a hannunsa.

Da magariba ya shiga gida ba kwali, sai masarar nan. Ya tarar Nanjala ta cire bargunan daga tagogi ta ninke, ta share falo. Ta dubi hannunsa, ta dubi teburin da babu komai a kai sai wayoyi.

"Litinin za a aiko," in ji shi. "Sabo fil."

"To."

"Zan ajiye miki shi. Kina gama jarrabawa..."

"Akwai sauran wake, in ɗumama maka?"

Lahadi ta yi tsawo. Suka je coci suka dawo. Ya je wurin maƙwabci aron tsohon talabijin ɗin, aka ce an kai shi ƙauye tun Laraba. Ya ce su fita bakin tafki, ta ce tana da bitar kimiyya. Ta zauna a tebur da littafi, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa. Ya shiga ɗaki ya fito, ya wanke kofin da yake a wanke, ya zauna gabanta ya ce, "Uwata, ranar nan kin fara wata magana, ta makarantar zane." Ya faɗa yana kallonta ido cikin ido, da wannan karkata kan nasa, don bai san wata hanyar ba. Ta sunkuyar da kai ta ce ba wani abu ba ne. Yana nan zaune sai ya lura ta rubuta wata kalma ba daidai ba a littafinta. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, ya kai minti guda yana danne hannunsa. Daga ƙarshe ya miƙa farce ya nuna. Ta gyara ta juya shafi.

Da yamma tana haɗa kaya ya ga ta sa silifas ɗinta na wanka a akwati, waɗanda shekara huɗu suna bayan ƙofarsa, da buroshinta, da tsohuwar rigar barcin da take bari. Ya gani, ai ba abin da ke wuce shi. Bai iya tambaya ba.

Litinin da safe ya ɗaukar mata akwati zuwa tashar motocin Nyahururu. Sanyi ake yi, 'yan makaranta sun cika wurin da riguna iri-iri. Ta sami kujerar taga, ya tsaya a waje yana riƙe da ƙarfen gilashin, saura mutum uku mota ta cika. Ya buɗe baki ke nan wayarsa ta yi ƙara. Gathoni ce.

"Baba mai jakit, na ɗauko tun da sassafe. Na shiga bayan kanta na rufa da zane. Baƙi ƙirin kamar gindin tukunya."

"Kin duba ƙasa ta hagu?"

"Na duba."

"Sama fa? Dama? Kin ƙure hasken kafin ki duba?"

Sai da ya bi da ita kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ya kashe wayar fuskarsa a washe, ya juyo. "Uwata, an dace. Ba yoyo ko ɗigo."

"Na taya ka murna, Baba." Ba gatse a muryarta, shi ne ma abin da ya fi ba shi tsoro. Ta mayar da idonta kan bayan kujerar da ke gabanta, kamar yadda take yi in suna tsere, sai maganar ta fito. "Bayan jarrabawa Bungoma zan zauna. Da na so in zo nan, har na karɓo takardar makarantar. Amma ranar Juma'a ina kallonka da tsumman nan, sai na ga allon bai yi komai ba, sabo ne, kyakkyawa, wuri ɗaya ne kawai. Ni kuwa nawa wuraren suna da yawa, Baba. Kwana huɗu ina iya ɓoye su. Wata tara ba zan iya ba."

"Ni ban taɓa ganin aibi a jikinki ba."

"Kana gani. Kana dai ƙoƙarin yin shiru, ina ganin hannunka."

Wata mata mai buhun dankali ta ture shi ta shiga, kwandasta ya buga ƙofa. Nanjala ta zaro hannu ta taga ta riƙe yatsunsa, ta ce ya riƙa cin abinci da zafinsa, za ta kira shi in an ba su waya. Motar ta ja, ya bi ta taku biyar-shida yana cewa, "Uwata, tsaya mana," har masu turin kaya suka shiga tsakani.

Ya daɗe tsaye a wurin, baƙin ciki ya cika shi, kuma ya san ba wanda ya yi masa sai kansa. Can ya ciro waya ya kira Gathoni.

"Baba, yanzu zan kai tasha. Wace mota kake so?"

"Wancan na farkon," in ji shi. "Wanda na kawo. Yana nan?"

"Mai yoyon? Me za ka yi da shi?"

"Shi nake so."

Hayaniyar Luthuli na tashi ta bayanta, ta ce, "Ai motar sito ta tafi da shi tun ɗazu, an haɗa shi da na mayarwa. Ko ni yanzu ban san wanne ne ba. In aiko sabon?"